In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Muhawara a Kan Atisayen Soja Kusa da Gidajen Jama'a

Duk wanda ya taɓa tashi daga birnin Kano ya nufi Jos, ya bar hanyar Zariya a Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada da buhunan shinkafarta, ya san wurin nan da gonaki suke ƙarewa, itatuwa su rufe hanya dama da hagu, direba ya yi shiru, fasinja kowa ya shiga karanta abin da ya sawwaƙa a zuciyarsa. Wannan shi ne dajin Falgore, wanda faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya shimfiɗu a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, Kogin Kano kuwa ya ratsa ta cikinsa kafin ruwansa ya taru a madatsar Tiga ta ƙasar Bebeji. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Amma a wajen shekarun 2015 da 2016 sunansa ya fi fita da ɓarayin shanu da masu tare hanya da masu satar mutane don neman fansa, har ya zama matafiyi ba ya son Magariba ta riske shi a cikinsa.

A shekarar 2017, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje da Hafsan Sojan Ƙasa Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, rundunar soja ta kawo atisayen da ta kira Harbin Kunama na biyu zuwa wannan daji, bayan na farko da aka yi a dajin Ɗansadau na Zamfara a 2016, aka kuma mai da wani sashe na Falgore filin horon soja. Tun daga lokacin mutanen wannan yanki suka zama maƙwabtan bindiga, kuma maƙwabtakar ta tayar da wata mas'ala wadda ta shafi mutumin ƙauye kamar yadda ta shafi mazaunin unguwannin birni, watau shin ya halatta ga soja, don neman ƙwarewa, su yi atisaye a kusa da gidajen mutane ko a tsakiyarsu ba tare da sun sanar da masu gidajen ba? Masu hankali sun rabu biyu a kan wannan, kuma da yake kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta cancanci a wofintar ba, na ga ya kyautu a shimfiɗa su duka biyu a auna.

Abin da ya sa al'amarin ya tsaya mini a rai shi ne wata safiya da na kwana a wani gari na kudancin Kano, lokacin kaka, an idar da sallar Asuba ke nan gari ya fara wayewa, sai ga ƙarar bindigogi ta taso daga gabas a jere ba ƙaƙƙautawa. Wata dattijuwa mai tuyar waina a bakin kasuwa ta bar tanda a kan wuta, ta saɓi jikanta ta yi cikin dawa ko mayafi babu. Almajirai suka watsar da alluna a zauren malaminsu. Wani magidanci da ke ɗaure wa jakinsa mangala ya tsaya riƙe da igiya, ya rasa ko gida zai koma wajen iyali ko gona zai bi sawun 'ya'yansa da suka riga shi fita. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan labari ya zo cewa masu kayan sarki ne suke gwajin harbi. Babu wanda harsashi ya taɓa a ranar, amma na ga wainar nan ta ƙone ƙurmus a tanda, na kuma ga ƙafar dattijuwar da kututturen dawa ya yanka, ana ɗaure mata da tsumma tana ta maimaita salati.

To, masu ganin a bar soja su yi aikinsu ba da shela ba, hujjarsu ta farko ita ce tanadin ƙarfi wajibi ne a kan kowace hukuma, kuma Alƙur'ani mai girma, a aya ta 60 ta Suratul Anfal, ya umarci Musulmi da su yi tattalin abin da suke iyawa na ƙarfi don tsoratar da maƙiyi. Suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, sojan da bai saba da tafiya cikin duhu da tsallake katanga da bin lungu ba, ranar da aka tura shi ceto mutanen da aka sace zai halaka kansa ya halaka waɗanda ya je ceto. Yaƙin wannan zamani ya bar fagen fama ya shigo kasuwa da tasha da masallaci, kamar yadda Kanawa suka gani da idonsu ranar 20 ga Janairu 2012, sa'ad da aka kai hare-hare wurare da dama cikin birni a yini guda aka kashe mutum fiye da 180, da kuma ranar 28 ga Nuwamba 2014 a Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki. Tun da maƙiyi cikin mutane yake ɓuya, in ji su, tilas ne soja ya koyi aiki a inda mutane suke, domin filin bariki, kome faɗinsa, ba shi da lungu da saƙo da kwata da yara masu gilmawa.

Hujjarsu ta biyu ita ce sirri, kuma ita ce mafi ƙarfi. Sun ce ɓarayin daji ba sa rayuwa sai da 'yan leƙen asiri a cikin gari, masu kai musu burodi da man fetur da labari, saboda haka duk sanarwar da aka yi wa mai unguwa da safe, kafin Azahar ta isa kunnen wanda ake nema. Sau da yawa kuma abin da ake kira atisaye farauta ce aka lulluɓe da sunan horo, kamar yadda Harbin Kunama ya haɗa koyo da fatattakar ɓarayi a lokaci guda. In aka faɗi rana da wuri, an ba ɓarawo damar kwashe shanunsa ya tsallaka dajin Ningi ko na ƙasar Lere, in ƙura ta lafa ya komo. Sukan kafa hujja da hadisin da ya siffanta yaƙi da cewa dabara ne, da kuma abin da aka sani na al'adar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa in ya yi nufin wata fuska da runduna yakan sakaya, ya nuna kamar wata fuskar ya nufa.

Suna ƙarawa da cewa firgitar sa'a guda ba ta kai asarar da ake kauce wa ba. Mutanen Doguwa da Tudun Wada sun ɗanɗana zamanin da makiyayi yake kwana da garke ya wayi gari da sanda, manomi ya sayar da gonar gado don fansar ɗansa. In ƙarar bindigar soja ce ta sa ɓarawo ya ji dajin ya yi masa zafi, ai ƙarar nan rahama ce, ko da ta tayar da mai barci. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda bai taɓa tara kuɗin fansa ba ya kamata ya saurare ta da ladabi.

Amma ɗaya ɓangaren, masu cewa lalle sai an sanar, suna farawa ne daga wata gaskiya da likita da ungozoma suka sani, watau tsoro shi kansa yana kisa. Babban misali a ƙasar nan shi ne abin da ya auku a Ikeja ta Legas ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002, sa'ad da rumbun makamai na barikin soja ya kama da wuta, bama-bamai suka dinga tashi. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, mafi yawansu kuwa wutar ba ta kai gare su ba. Gudu suka yi cikin duhu ba su san abin da ke faruwa ba, wasu suna zaton juyin mulki ne, wasu suna zaton yaƙi ne ya ɓarke, suka afka cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyawa ta rufe fuskarta, mata da yara suka nutse a kan juna. Wancan haɗari ne, ba atisaye ba, amma darasinsa a fili yake: jama'ar da ta ji ƙara ba ta ji bayani ba, ita da kanta za ta yi wa kanta ɓarnar da makamin bai yi ba. Mai ciki tana iya yin ɓari, mai hawan jini yana iya faɗuwa, ɗan acaɓa yana iya take yaro, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a rubuta a rahoton atisaye.

Sa'an nan suka ce a dubi tarihin wannan ƙasa ta kudancin Kano kafin a zargi mutanenta da saurin firgita. A ƙarni na goma sha tara, musamman zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, mahara daga Ningi sun sha faɗo wa garuruwan wannan yanki suna kama mutane, abin da ya sa aka ƙarfafa ribaɗi da ganuwa a wannan fuska. A farkon 1903 rundunar Turawa ta Kanar Morland, da ta taso daga Zariya, ta tarar da ƙofar Bebeji a rufe, ta fasa ta da igwa, sarkin garin yana cikin waɗanda suka rasu, 'yan kwanaki kaɗan kafin birnin Kano ya faɗi ranar 3 ga Fabrairu. A zamaninmu kuma ga ɓarayin daji, waɗanda sau da yawa cikin kakin soja suke zuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutumin Kiru da ya hangi masu kaki da bindiga suna ratsa bayan gidansa da dare, da wace alama zai gane na gwamnati ne ko na daji? In ya zaci ɓarayi ne ya yi kururuwa, 'yan sintiri da mafarauta suka fito da bindigogin toka, jinin da zai zuba a wuyan wa yake? In kuwa ya saba da zaton soja ne, ya ja bargo ya koma barci, ranar da ɓarayin gaske suka zo an riga an kashe masa kunne. Ta kowace fuska aka duba, atisayen ɓoye yana lalata abin da ƙauye ya dogara da shi wajen tsaron kansa, watau sanin bambancin ƙarar lafiya da ƙarar masifa.

Hujjarsu ta uku daga shari'a take. Allah Maɗaukakin Sarki ya hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, kamar yadda ya zo a aya ta 27 ta Suratun Nur, kuma malamai sun bayyana cewa hikimar hukuncin ita ce kiyaye sirrin gida da natsuwar masu shi. Ya tabbata a hadisi cewa bai halatta Musulmi ya firgita ɗan'uwansa ba, ko da da wasa ne. Ya kuma tabbata cewa an umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani rauni. In wannan shi ne ladabin mai kwari da baka, ina ga mai bindiga mai sarrafa kanta da jirgi mai saukar ungulu? Har a ƙissar Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cikin Suratun Namli, tururuwa ta gargaɗi 'yan'uwanta su shige gidajensu don kada runduna ta tattake su alhali ba ta sani ba, Annabin Allah kuwa ya yi murmushi ya gode wa Ubangijinsa. Rundunar adali ce, amma duk da haka raunana sun bukaci gargaɗi.

Ta huɗu ita ce amana tsakanin soja da talakawa, wadda in ta karye gyaranta yana da wuya. A watan Oktoba 2017, lokacin atisayen da aka yi a jihohin kudu maso gabas, sojoji sun fito da aikin duba marasa lafiya kyauta, sai jita-jita ta bazu cewa allurar cuta suke yi wa yara, iyaye suka ruga makarantu suna kwashe 'ya'yansu, garuruwa suka rikice. Alheri aka kawo, amma da yake babu yarda sai ya zama abin gudu. A nan Arewa kuma raunin Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi bai warke ba, inda ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom bisa kuskure a kan masu taron Mauludi, mutum 85 ko fiye suka rasu. Jama'ar da ke ɗauke da irin wannan tabo, kowane motsi na ɓoye ƙara mata zargi yake yi. Ko a Amurka, inda ake yawan yin irin wannan horo a cikin birane, a watan Yuli 2013 jiragen soja sun yi shawagi da dare a kan garin Port Angeles ba da sanin hukumar garin ba, mutane suka kwana a firgice, har sai da kwamandan sansanin ya zo da kansa ya ba da haƙuri.

To, da muka auna waɗannan hujjoji, ina ganin saɓanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, watau farmaki da atisaye. Farmaki a kan maƙiyi ake kai shi, sirri kuwa ransa ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a yi shelar ranar da za a afka wa sansanin ɓarayi. Atisaye kuwa koyo ne da ake yi a ƙasar masoya, an zaɓi ranarsa tun da wuri, an ware masa kuɗi da abinci da motoci, saboda haka babu wata larura da ta hana a faɗa wa mutanen da za a yi shi a bayan ɗakinsu. Fuƙaha'u sun kafa ƙa'ida cewa larura gwargwadonta ake ƙaddara ta, suka kuma ce tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani. Hujjar sakayawar Manzon Allah ma, in aka bi ta zuwa ƙarshenta, tana da wata fuska, domin a yaƙin Tabuka, da tafiya ta yi nisa, zafi ya tsananta, wahala za ta shafi jama'a, sai ya bayyana musu inda aka nufa don kowa ya yi shiri. Kuma da mutanen Habasha suka yi wasan masu a masallacin Madina, wanda shi ma nau'in horon yaƙi ne, a bainar jama'a suka yi, har Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsaya tana kallo. Wani dare kuma da wata ƙara ta firgita mutanen Madina, Manzon Allah ne ya riga kowa hawa dokin Abu Ɗalha ya je ya duba, ya komo yana kwantar musu da hankali. Wannan ita ce sunnar shugaba game da tsoron talakawansa.

Batun 'yan leƙen asiri gaskiya ne, amma maganinsa yana cikin iyakance abin da za a faɗa. Ana iya cewa daga ranar kaza zuwa ranar kaza za a ji harbi a yankin kaza, kada kowa ya firgita, makiyaya da masu itace da mafarauta su nisanci wuri kaza, ba tare da an faɗi adadin soja ko hanyar da za su bi ko sa'ar da za su motsa ba. Ɓarawon da ya ji wannan ya gudu, ai gudunsa ma riba ce ga manomi. Kuma rundunar soja da kanta ta sha fitar da irin wannan sanarwa kafin gwajin harbi, Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna ma takan yi wa ƙauyukan da ke kewaye da filayenta, ba a kuwa ji cewa tsaron ƙasa ya rushe saboda haka ba. Inda gyara ya rage shi ne hanyar isar da saƙon, domin takardar Turanci da aka aika wa jaridu ko aka liƙa a Facebook ba ta isa rugar da ke gefen Riruwai, ba ta kuma isa kunnen matar da ke tsakar gida a Kiru. Ƙasar Hausa kuwa tana da tsohuwar hanyar da ba ta taɓa mutuwa ba: daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, ga limamin Juma'a, ga sarkin Fulani da arɗo, ga sarkin kasuwa, ga mai shela da gangarsa, ga gidajen rediyon Kano da kowane manomi yake saurare. Ko hawan Salla, wanda asalinsa nuna ƙarfin dawaki da makamai ne, ana harba bindigogi a cikinsa har ƙasa ta girgiza, amma yara rububin zuwa kallo suke yi, saboda kowa ya san ranar.

Ra'ayina, bayan wannan duka, shi ne a ci gaba da horon soja a Falgore, a ƙarfafa shi, domin barin dajin nan ba kowa shi ne gayyatar waɗanda aka kora. Amma harsashi mai rai kada ya kusanci mazaunin mutane ko kaɗan. In ana son koyon yaƙin lungu, a gina unguwar gwaji a cikin filin horon, da zaure da katanga da rumfunan kasuwa. In kuma wata larura ta tilasta a shiga gari, to a sanar da kwanaki, da Hausa da Fulatanci, ta bakin shugabannin da mutane suka sani. A kauce wa ranar kasuwa da lokacin salla da sa'ar tashin makaranta. A faɗa wa 'yan sanda da 'yan sintiri da asibiti tun da wuri. A bi filin a tsince duk abin da bai fashe ba kafin yara masu kiwo su tsince shi. Wanda kuma aka tattake masa shuka ko aka firgita masa dabba ta ɓata, a biya shi ba tare da ya yi ta sintiri a ƙofar ofis ba.

Ina kira ga shugabannin Birged ta 3 da ke Kano, da shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da hakimansu, da su zauna su ƙulla wannan ƙa'ida a rubuce, kowa ya san abin da ke kansa. Mu kuma talakawa, in an sanar da mu, wajibinmu ne mu kiyaye iyakar da aka shata, mu isar wa maƙwabci, mu kame bakinmu daga jita-jita, mu riƙe sojan nan a matsayin ɗanmu da ya bar iyalinsa don mu kwana lafiya. Sojan da mutanen gari suka yarda da shi ya sami idanu dubu masu yi masa gadi, kuma farashin wannan yarda bai wuce sallama kafin shigowa ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare mai kaki da mai fartanya baki ɗaya, amin.